Labarin Tauraro Baƙo da Hasken da ke Fita daga Kufansa

Da sunan Allah muke farawa, gare shi muke neman taimako. Godiya ta tabbata ga Ubangijin dare da rana. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Amma bayan haka, wannan gajeriyar takarda ce zuwa ga almajirai na ƙasar Batsari da Safana, da dukkan wanda ta isa hannunsa. Cikinta akwai labarin taurari biyu da suka bayyana a sama farat ɗaya, suka yi kwanaki suka ɓace, da labarin malaman da suka rubuta ganinsu, da abin da masu hisabi na wannan zamani suka iske a gurbinsu. Na kasa ta fasali biyar da cikawa. Allah shi ne mai datarwa.

Fasali na farko, cikin labarin tauraron shekara 396

Ka sani, ya kai almajiri, a shekara 396 ta hijira, wadda ta dace da 1006 ta miladiyya, gab da tsayuwar watan Sha'aban, wani tauraro ya bayyana ta wajen kudu, a wurin da ba a san tauraro mai haske ba. Ibnul Jauzi ya ambace shi cikin Almuntazam, Ibnul Asir ya ambace shi cikin Alkamil, dukansu sun kamanta shi da Zahra, ita ce Zara matar wata. Mutanen Sin sun rubuta shi cikin littattafan sarautarsu. Waɗansu malaman Nasara a gidan ibada na San Galen, a ƙasar Suwizalan, sun rubuta cewa sun gan shi ƙasa ƙasa, bisa kan duwatsu.

Amma wanda ya fi kowa kyautata sifarsa shi ne Aliyu ɗan Ridwanu Bamisire, haifaffen Giza. Sa'ad da abin ya faru shina saurayi, shina farkon neman ilmi. Bayan ya girma ya zama likita babba a Alƙahira, ya yi sharhi ga littafin Baɗlaimusu mai maƙala huɗu, sai ya shigar da labarin a ciki. Ya ce shi da kansa ya gani. Ya faɗi wurinsa, cikin burjin Aƙrabu, daura da rana. Ya faɗi girmansa, ninki biyu da rabi ko uku na Zahra. Ya faɗi haskensa, ya ɗara rubu'in hasken wata kaɗan. Ya ce bai gushe daga matsayinsa ba, shina tafiya da falaki kullum kamar sauran taurari tabbatattu. Sa'an nan ya jera matsayin rana da wata da sauran taurari masu tafiya a wannan lokaci, da darajojinsu. Da wannan jeri masu hisabi suka fitar da ranar, ita ce 30 ga Afrilu 1006. Bayan haka ya shiga hukunci irin na masu duban taurari, ya jingina masa yaƙe-yaƙe da yunwa da annoba da suka biyo baya.

Ka lura da wani abu. Garin Batsari shina bisa daraja 13 ba kaɗan arewa da tsakiyar duniya, Alƙahira kuwa bisa daraja 30. Saboda haka tauraron nan in ya kai tsakiyar hawansa, a Alƙahira shina ɗagawa daraja 21 da wani abu bisa gefen sama, a ƙasarmu kuwa kusan daraja 39. Ke nan wanda ya tsaya bisa Dutsin Ruma a wannan bazara ya fi Ɗan Ridwanu ganinsa sarai. Amma alƙalami bai riga ya zauna ƙasar Hausa ba. Bisa lissafin da aka yi wa Tarihin Kano, shekara bakwai ke nan da zuwan Bagauda, Muhammadu Korau na Katsina kuwa sai bayan shekara ɗari huɗu da wani abu. Idanu da yawa sun gani, ba wanda ya bar harafi ɗaya.

Fasali na biyu, cikin labarin tauraron shekara 446

Bayan shekara 48 ta rana wani ya sake bayyana, wannan karon ta wajen gabas, gabanin fitowar rana. Masu tsaron sama na sarautar Sung a ƙasar Sin suka rubuta ranarsa, 4 ga Yuli 1054, cikin Rabi'ul Awwal na shekara 446. Suna kiran irinsa tauraro baƙo. Suka ce an yi kwana 23 ana ganinsa da rana tsaka, da dare kuwa bai ɓace ba sai cikin Afrilu 1056, kusan shekara biyu ke nan. Suka faɗi wurinsa, kusa da tauraron da ke bakin ƙahon kudu na burjin Sauru. Mutanen Japan su ma sun adana labarinsa.

Ta wajen ƙasashen Larabawa kuwa labarinsa ya zo ta hannun Ibnu Buɗlana, likita ne Banasare mutumin Bagadaza. Abin mamaki, wannan shi ne abokin jayayyar Ɗan Ridwanu. Ya sauka Alƙahira a shekara 441, suka yi ta raddi ga juna cikin mas'alolin likitanci, har zama ya gagare shi ya fita ya nufi Kusɗanɗiniya. Shina can tauraron ya bayyana. Ya rubuta cewa ya fito cikin burjin Jauza, ya jingina masa annobar da ta kashe jama'a mai yawa a birnin, da wadda ta faɗa Fusɗaɗu ta Masar. Maganarsa ta tsira domin Ibnu Abi Usaibi'a na Dimashƙa, wanda ya rasu 668, ya naƙalto ta cikin Uyunul Anba, littafinsa na tarihin likitoci. Ta zauna nan shekaru ɗaruruwa, sai a 1978 masu bincike suka gane wane tauraro take nufi.

In ka ce, Sinawa sun ce Sauru, Ibnu Buɗlana ya ce Jauza, yaya za a haɗa? Sai mu ce, Sinawa sun auna da tauraron da ke maƙwabtaka da shi, shi kuwa ya auna da burji na lissafi, wanda ake ƙirga shi daga matsayin rana ranar da dare da yini suka daidaita. Wannan matsayi shina ja da baya daraja ɗaya cikin kowace shekara 72, har burji na lissafi ya saɓa da surar taurarinsa. Wuri ɗaya suke nufi, ma'auni ne ya bambanta.

Fasali na uku, cikin yadda aka gano kufai

Mun kira abin da tauraro ya bari kufai, domin shina kama da kufan gari: mutane sun tashi, amma toka da tushen ganuwa suna faɗin inda aka zauna.

A 1731 wani likita Bature a Ingila, John Bevis, ya ga wani ɗan hazo da madubin hangen nesa kusa da ƙahon Sauru. A wannan zamani malaminmu Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, ma'abocin hisabi da falaki, shina ƙasar gabas, ya rasu a Alƙahira a 1154, wato 1741, a gidan Shehu Hasan Aljabarti. A 1758 Charles Messier na Faransa shina neman tauraro mai wutsiya ya ci karo da hazon nan, ya ga ba ya gusawa, ya sa shi na ɗaya cikin jerin abubuwan da ke ruɗin masu nema. A 1844 Lord Rosse na ƙasar Ailan ya zana shi, zanen ya yi kama da ƙaguwa, sunan ya bi shi har yau, ana ce da shi Hazon Ƙaguwa.

Sa'ad da aka sami ɗaukar hoto, aka gwada hotunan shekaru daban daban a 1921, sai aka ga hazon shina buɗewa ta kowane gefe. A 1928 Edwin Hubble na Amurka ya ce in an mai da wannan buɗewa baya za ta koma wuri ɗaya kimanin shekara 900 da suka wuce, ya haɗa ta da labarin Sinawa. A 1942 Duyvendak, masanin harshen Sin, da Oort da Mayall, masana falaki, suka ƙarfafa wannan da hujjoji. Kufan tauraron Ɗan Ridwanu kuwa an gano shi a 1965, da na'urar sauraron sama ta Parkes a ƙasar Ostareliya. Faɗinsa a sama kamar faɗin wata daren goma sha huɗu, sai dai ido ba ya ganinsa.

Ga bayanin abin da ya faru. Tauraro rana ce mai nisa. Wutarsa daga haɗuwar ƙwayoyin zarra take, marasa nauyi suna narkewa cikin juna su zama masu nauyi, zafin da ke fita shi ke tokare nauyin jikinsa kada ya rufta. Wanda ya kai ninki takwas na ranarmu ko fiye, in makamashin cikinsa ya ƙare, sai cikin ya rufta cikin ƙiftawar ido, bayansa ya tarwatse waje da haske mai yawa. Haka ya faru ga na 446. Abin da ya rufta ya dunƙule ya zama curi, faɗinsa kimanin kilomita 20, bai kai tsakanin Batsari da Safana ba, amma ya fi rana nauyi. An gano shi a 1968, shina juyawa sau 30 cikin daƙiƙa ɗaya ta bugun agogo, wato sakan, shina walƙawa kowane juyi. Amma na 396 wani iri ne: tsohon tauraro ne ƙarami mai tauri, nauyi ya yi masa yawa daga abokin zamansa, ya kama wuta gaba ɗaya ya watse, bai bar curi ba.

Nisan Hazon Ƙaguwa daga gare mu tafiyar haske ce ta shekara kimanin 6,500, na 396 kimanin 7,000. Haske kuwa shina cin kilomita 300,000 cikin sakan ɗaya. Ka fahimci wannan da kyau. Tauraron da Ibnu Buɗlana ya gani ya riga ya mutu shekara dubbai gabanin a kafa tubalin Kusɗanɗiniya. Labarin mutuwar ne ya iso a 446.

Fasali na huɗu, cikin hasken gamma

Ka sani haske jinsi ne, a ƙarƙashinsa akwai nau'o'i, abin da ido ke gani yanki ne ƙanƙane daga ciki. Akwai mai rauni ƙasa da shi, kamar wanda ke ɗauko muryar rediyo. Akwai mai ƙarfi bisa gare shi, kamar wanda likita ke duba ƙashi da shi a asibiti. Mafi ƙarfinsu duka shi ake kira gamma, da sunan harafi na uku na Yunanawa, ɗan'uwan jimun na abajada. Paul Villard ya gano shi a Faris a 1900, Rutherford ya raɗa masa suna a 1903. Haske shina zuwa ƙwaya ƙwaya. Da ma'aunin masu wannan ilmi, ƙwayar hasken ido tana da awo 2 ko 3. Ƙwayar gamma tana farawa daga dubu ɗaruruwa, wadda ke zuwa daga kufan taurari kuwa tana kai miliyan sau miliyan, tana wucewa.

Dalilin nemansa ga shi. A 1912 Victor Hess, mutumin Ostiriya, ya hau balan-balan mai tashi har mita 5,300, ya iske waɗansu ƙwayoyi masu ƙarfi suna zubo wa duniya daga sama dare da rana. Aka rasa mafitarsu. A 1934 Baade da Zwicky suka ce daga fashewar taurari suke. Amma magana ba ta tsayuwa sai da shaida, shaida kuwa ta yi wuya, domin ƙwayoyin nan suna ɗauke da lantarki, ƙarfin maganaɗisu da ke tsakanin taurari shina karkata su dama da hagu shekaru miliyoyi. In sun iso, sun zama kamar saniyar da ta ɓace cikin Dajin Rugu ta fito ta Runka: ganin inda ta ɓullo ba ya faɗa maka rugar da ta baro. Hasken gamma kuwa ba shi da lantarki, maganaɗisu ba ya taɓa shi, shina tafiya miƙe kamar kibiya. Da harshen malaman hadisi, isnadin ƙwayoyin nan yankakke ne, isnadin gamma sadajje ne har zuwa mafari. To, duk inda ake tunzura ƙwayoyin nan gamma shina fita, saboda haka wanda ya ga mafitar gamma ya ga maƙerarsu.

Fitarsa ta hanya biyu ce. Tarkacen tauraro shina tafiya kilomita dubbai cikin sakan, shina tura iskar da ke gabansa, ƙwayoyi suna kai da kawowa tsakanin gaba da bayan wannan turi, kowane ƙetare suna ƙara ƙarfi. Hanya ta farko, ƙwaya marar nauyi da ake kira elektaron ta bangaji ƙwayar haske mai rauni, ta zuba mata ƙarfinta, sai ta koma gamma. Hanya ta biyu, ƙwaya mai nauyi da ake kira furoton ta yi karo da 'yar'uwarta cikin hazo mai kauri, sai a haifi wata ƙwaya mai gajeren rai, sunanta fayon, nan take ta rabe ta zama ƙwayar gamma biyu. Mafi yawan abin da ke zubo wa duniya furoton ne, don haka hanya ta biyu ita ce shaidar da aka fi nema.

In ka ce, haske mai wannan ƙarfi, don me bai ƙone mu ba? Sai mu ce, iskar da ta lulluɓe duniya tana tare shi, kuma ƙwayoyinsa kaɗan ne ƙwarai. In ɗaya ta faɗo, tana fashewa can sama, kimanin kilomita 10, ta zama yayyafin ƙananan ƙwayoyi, su kuwa su saki wani shuɗin walƙiya wanda ba ya daɗewa ko kashi ɗaya cikin miliyan na sakan. Ana kiransa da sunan Cherenkov, mutumin Rasha da ya bayyana irinsa a 1934. Wannan walƙiya ita ake tarko da manyan madubai a daren da babu wata.

Trevor Weekes, mutumin Ailan, ya zauna da jama'arsa bisa Dutsen Hopkins a Arizona ta Amurka, da madubi mai faɗin mita 10 na Whipple, tun 1968. Shekara ashirin suna nema suna gyaran dabara, sai a 1989 suka tabbatar da gamma mai awo kusan miliyan sau miliyan daga Hazon Ƙaguwa. Shi ne mafita ta farko da aka tabbatar a wannan daraja, har ya zama mudu, ana auna hasken sauran da shi.

Sa'an nan aka kafa madubai a nahiyarmu, bisa tudun Khomas a ƙasar Namibiya, aka kira su H.E.S.S. don tunawa da Hess: guda huɗu masu mita 12, aka ƙara na biyar mai mita 28 a 2012. A 2004 suka fitar da surar wani kufai cikin burjin Aƙrabu da hasken gamma, aka ga hasken shina bin da'irar ganuwarsa. Game da tauraron Ɗan Ridwanu kuwa, a 1998 waɗansu masu madubi a Ostareliya sun ce sun ga gamma daga gare shi. Mutanen Namibiya suka duba da abin da ya fi nasu gani, ba su iske shi a gwargwadon da aka faɗa ba, aka ajiye wannan shaida. Suka ci gaba da dubawa har sa'a 130, a 2010 suka bayyana cewa akwai shi, mai rauni ƙwarai, daga gefe biyu masu fuskantar juna, arewa maso gabas da kudu maso yamma. Dubi yadda ba su karɓi shaida ba sai bayan tazkiya.

A 2008 aka harba na'urar Fermi sama da iska. A 2013 ta nuna alamar fayon sarai cikin kufai biyu, IC 443 na burjin Jauza da W44, ya tabbata kufan taurari suna tunzura furoton. A 2021 ma'aunin LHAASO, bisa wani dutse mai tsawon mita 4,410 a Sicuwan ta ƙasar Sin, ya kama ƙwaya ɗaya daga Hazon Ƙaguwa mai awo fiye da miliyan sau miliyan sau dubu. Ƙasar da ta rubuta ranar bayyanarsa ita ta kama wannan, bayan shekara 967.

Fasali na biyar, cikin abin da rubutun magabata ya amfanar

Kufan taurari da aka sani cikin tarin taurarinmu sun kai kimanin 300. Mafi yawansu ba a san shekarunsu ba sai da kirdado. Waɗanda aka san shekarar fashewarsu ba su cika yatsun hannu biyu ba, su ne waɗanda wani ya gani ya rubuta. Da su ake gwada lissafi, a san ko daidai ne, kana a ɗora sauran a kai.

Ga misali da ya isa. Sa'ad da aka auna gudun tarkacen Ƙaguwa da kyau, aka mai da shi baya, lissafi ya tsaya kusan shekara 1130 ko 1140, takardu kuwa sun ce 1054. Ba a ƙaryata takardu ba, domin shaidu sun yi yawa kuma ba su san juna ba. Aka gane tarkacen a farko bai kai gudun yau ba, curin nan mai juyawa shi ke hura masa ƙarfi daga ciki shina ƙara masa sauri. Da ba a rubuta shekarar ba, da an riƙi 1140 an wuce, wannan sani ya kuɓuce.

Yanzu ka raba maganar likitocin nan biyu kashi biyu. Kashi na farko abin da suka gani: rana kaza, wuri kaza, girma kaza. Wannan ya rayu shekara dubu, masana suna ɗora hisabi a kansa har yau. Kashi na biyu abin da suka hukunta, cewa tauraron ne ya jawo annoba da yaƙi. Wannan ba wanda ya amfana da shi, kuma shari'a ta riga ta kore shi, domin ya inganta cewa ranar da Ibrahimu ɗan Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya rasu, rana ta yi husufi, mutane suka danganta, Annabi ya hana su wannan dangantawa. Ilmin tafiyar taurari, wanda ake sanin alƙibla da lokutan salla da shigar damina da shi, malamai sun yarda da shi. Da'awar sanin gaibu da su ita aka hana.

Cikawa

In kana son sanin wurin, ka fita cikin hunturu bayan lisha. Ka nemi Kaza da 'ya'yanta, ita ce Surayya. Gabas da ita akwai jan tauraro, shi ne Dabaran. Ka bi daga gare shi gabas har tauraron bakin ƙahon kudu, arewa da Haƙ'a. Kufan shina gefensa, tazarar faɗin wata biyu. A ƙasarmu shina wucewa kusan bisa kai. Ido ba ya kama shi sai da madubi, cikin dare mai duhu.

Wasiyyata gare ku, ya ku almajirai. Kakanninmu na 396 suna da uzuri, ba su da alƙalami. Mu ba mu da wannan uzuri. A ƙarshen Safar 1427, ranar 29 ga Maris 2006, shekara dubu bayan tauraron Ɗan Ridwanu, rana ta yi husufi cikakke bisa ƙasar Gusau da Katsina da Maraɗi, hantsi ya koma dare. Kowa ya tambayi kansa ko ya rubuta sa'arsa a gefen littafinsa. Kuma cikin shekarun nan ƙauyuka na gefen Dajin Rugu sun tashi saboda ɓarayin daji, waɗansu sun koma kufai, tsofaffin da suka san asalin kowace rijiya da kowane masallaci suna ƙarewa a garuruwan gudun hijira. Ku rubuta. Ku sa rana da wata da shekara da sunan wuri. Ku rarrabe abin da kuka gani da abin da aka faɗa muku, ku ambaci wanda ya faɗa. Ku rubuta saukar ruwan fari, da shekarar fara, da tsayuwar wata, da ranar da gari ya tashi da ranar da ya komo. Kada ku ce abin ƙarami ne. Ɗan Ridwanu bai san gamma ba, bai san Namibiya ba, ya dai faɗi gaskiyar abin da idonsa ya gani, Allah ya kai amfaninsa inda bai zata ba.

Allah shi ne mafi sani. Wanda ya kwafi wannan takarda ya kiyaye lambobinta, kada ya ƙara kada ya rage. Allah shi gafarta mana, da iyayenmu, da malamanmu, shi mai da waɗanda suka tashi gidajensu lafiya. Ta cika da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa. Amin.